Ka San Ruwan Da Iyalinka Ke Sha?

Maigida, in aka tambaye ka buhun masara nawa ka samu bara, ba za ka yi inda-inda ba. Ka san gonar da ta yi kyau, ka san wadda wuta-wuta ta ci. Da damina kullum ka kan zagaya ka duba ko tsutsa ta shiga, ko taki ya isa. Da kaka kuwa ba ka barin rumbu sai ka tabbata gara da ɓera ba su da hanya. To, yaushe rabonka da ka tsaya a bakin rijiyar da a ke ɗebo wa gidanka ruwa, ka dube ta da irin idon da ka ke duban gona? Yawancinmu ba mu yi. Mun bar wannan sha'ani a hannun mata da yara da 'yan ga-ruwa, sai ran da ciwo ya kwantar da mutum uku a gida ɗaya sa'an nan a fara tambaya.

An rubuta wannan ɗan littafi domin mutanen ƙasar Funtua da Malumfashi, da Bakori, da Ɗanja, da Ƙafur, da Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, da Ɗandume, da ƙauyukan da ke kewaye da su. In kai mai karatu ne, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman matan gida, don rabin maganar tasu ce.

Abin da ido ba ya gani

Tun muna yara malamai suka koya mana cewa ana gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi ta hanya uku, watau launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan gaskiya ne ga sha'anin alwala da wanka. Amma ruwa ya kan tsallake duk ukun nan, ya zama garai-garai, mai sanyi, mai daɗi, kuma yana ɗauke da abin da zai kashe yaro. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Dubbai daga cikinsu za su zauna a kan tsinin allura ba tare da sun matsu ba.

Daga ina su ke zuwa? Ba don rashin kunya ba, dole a faɗa: daga kashi su ke zuwa, na mutum ko na dabba. Kwalara, watau amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da atuni, da zawon da ke rame jarirai, da wata irin shawara mai tsanani ga mace mai ciki, duk hanyarsu ɗaya ce. Mai ciwo ya yi bayan gida, ƙwayar ta bi ruwa ko hannu ko ƙuda, ta shiga bakin mai lafiya. Waɗansu na cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Kuskure ne babba, shi ma cike ya ke da su.

An ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, in ka ga ruwan rijiya ya sāke launi ko ya yi wari, lalle wani abu ya same shi. Sai dai kada ka jira sai ya yi tsami. Rijiyar da a ka gwada bara a ka ce lafiya lau, tana iya lalacewa cikin dare ɗaya na marka. Saboda haka duban ruwa aiki ne na kullum, kamar noma.

Zagayen rijiya

Ƙarƙashin ƙasarmu ta kudancin Katsina dutse ne. Ruwan da mu ke samu a rijiya yana kwance ne cikin ruɓaɓɓen dutse da ƙasar da ke bisansa, ba da nisa ƙwarai ba. Shi ya sa da bazara rijiyoyi ke ja da baya har a riƙa kwana ana jiran ɓuɓɓuga, da watan Agusta kuwa su ciko har guga ya taɓa ruwa da gajeriyar igiya. Mu kan yi murna in rijiya ta ciko, amma a lokacin nan ne ta fi haɗari, domin ruwan da ya tashi cikin rijiya shi ne ya tashi cikin masai, kuma ƙasa ɗaya ce tsakaninsu.

Sai ka fara da awo. Ka tsaya a bakin rijiya ka taka zuwa masai mafi kusa, naka ne ko na maƙwabci. Abin da a ke so shi ne mita 30, watau ƙafa 100, kamar taku 40 na babban mutum. Kuma a so rijiya ta kasance a tudu, masai a gangare. Wannan awo ya shafi turken shanu, da garken tumaki, da juji, da kwatar mahauta, da maƙabarta. A ƙauye, inda fili ya ke, ba wuya. A cikin garin Funtua ko Malumfashi, inda gida ya matse, sau da yawa za ka tarar rijiya da masai bango ɗaya ne ya raba su. In haka gidanka ya ke, kada ka yaudari kanka. Ruwan rijiyar nan na wanki ne da yayyafi, ba a sha sai an tafasa ko an sa magani, ko da kakanka ne ya haƙa ta kuma ya sha har ya tsufa.

Bayan awo, sai ka dubi bakin rijiyar. Ya kamata a yi mata gini na siminti da ya kai ƙugun babba, don kada malalen ruwan sama ya gangara ciki, kada kuma yaro ko akuya su faɗa. A yi daɓe kewaye da ita, mai ɗan gangara, da magudana da za ta kai ruwan da ya zube nesa. Ka sunkuya ka duba daɓen da kyau. In ya tsage, ko ɓera ya yi rami a gindinsa, to ƙofa ce. Taɓon nan da ke taruwa a bakin rijiya, wanda mutane da dabbobi ke takawa da ƙafafun da suka fito daga ko ina, ta wannan tsaga ya ke komawa ciki. A sa mata murfi, a riƙa rufewa. A kewaye ta da shinge, a yi wa dabbobi kwamin shan ruwa daga can gefe.

Sa'an nan guga. Wannan shi ne abin da a ka fi rainawa, kuma shi ya fi ɓarna. Rijiya ɗaya, gida 30, ko wane gida da gugansa. Ko wane guga ya kwana a ƙasa, wani kusa da makewayi, wani inda kaji ke kwana, igiyarsa kuma an ja ta cikin taɓo. Da safe duk a zura su cikin ruwa ɗaya. Ko da an kashe kuɗi an gina rijiyar da kyau, an yi aikin banza. Abin da ya fi shi ne unguwa ta haɗa kuɗi ta sayi guga ɗaya da igiya ɗaya, a kafa gwafa a riƙa rataye su, ba mai zuwa da nasa.

In rijiyar burtsatse ce mai famfon tuƙa-tuƙa, ta fi aminci, don ruwanta daga nesa ya ke fitowa kuma bakinta a rufe ya ke. Duk da haka ka duba ko gindin famfon ya girgiɗe, ko ruwa na kwanciya a kan daɓe. Kada a bar yara su riƙa kafa baki ko tafin hannu a bakin famfo. In makaniki ya zaro bututu ya gyara, ya shimfiɗa su a ƙasa, kada a ci gaba da sha sai an zuba magani an tuƙa ruwan farko an zubar.

Mutanen cikin gari masu famfon Hukumar Ruwa, su ma da nasu. An tace ruwan an sa masa magani kafin a sako, amma bututu da yawa sun bi ta cikin kwata. Sa'ad da a ka ɗauke ruwa, bututun da ya fashe ya kan zuƙi ruwan kwata. Ran da a ka kawo, abin da ya fara fitowa ke nan. A bar shi ya zuba har ya washe tukuna, kuma duk wanda ya ga bututu ya fashe ya kai rahoto, kada ya ce ba a ƙofar gidansa ba ne.

Tafki da dam

Allah ya yi wa wannan ƙasa albarkar ruwa. Kusa da Funtua ne Gulbin Sakkwato ya faro. Ga dam na Mairuwa da na Gwaigwaye, ga na Malumfashi, ga ƙananan madatsai da kududdufai da fadamu ba iyaka. Su ne rayuwar masu lambu da makiyaya da masunta. Amma ruwan da ke a buɗe, kowa ke da shi: a nan a ke wanki, a nan shanu ke shiga har ciki, kuma ruwan farko na damina duk abin da a ka yi a bayan gari tun rani, nan ya ke kwaso shi ya zuba. Ba a shan irin wannan ruwa ɗanye, ko da gona ta yi nisa da gida. Ka tafi da naka a gora.

Dattawa sun tuna kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da waɗansu 'yan ƙwari ƙanana, sai bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda ƙafarsa ta fito, doguwa, wani lokaci ta kai mita guda, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke. Kuma ba ta tashi fitowa sai da damina, lokacin da gona ke neman mai ita. Da a ka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ba allura a ka yi ba, ba ƙwaya a ka raba ba, don har yau ba shi da magani. Abin da a ka yi shi ne, ko wane ƙauye a ka naɗa mutum ɗaya yana ƙidayar masu ciwon yana kai rahoto ko wane wata, mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, a ka hana mai kurkunu tsoma ƙafa a tafki, a ka haƙa rijiyoyi. Mutum na ƙarshe da ya yi shi a ƙasar nan a Jihar Enugu ne, a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Mutanen ƙauye ne suka yi wannan aiki da hannunsu. A 2024 an sami masu shi a Chadi, saboda haka duk wanda ya ga tsutsa na fitowa daga ƙafar wani, ya gaya wa malamin asibiti ran nan.

Tsargiya kuwa tana nan. Ita ba sai an sha ba, ta fata ta ke shiga. Yaro mai fitsarin jini ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin 'yan dodon koɗi, ya girma, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Liverpool ta Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken wannan ciwo, har suka riƙa lura da masu shiga dam na Ruwan Sanyi. Sun tarar yara maza masu iyo da wasan ruwa su ne suka fi kamuwa, su ne kuma suka fi yaɗa shi. Har yanzu akwai masu ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Ciwo ne mai cin mafitsara da ƙoda a hankali, kuma yana da magani a asibiti. In an zo rabon maganinsa a makaranta, kada ka hana ɗanka.

Daga rijiya zuwa baki

Uwargida, wannan sashe naki ne. Masu awon ruwa sun sha gwada ruwa a bakin famfo su same shi lafiya, su bi shi cikin gida su gwada na randa su tarar ya lalace. Ke nan tsakanin rijiya da baki a ka yi ɓarnar.

Fara da jarka. Ki leƙa cikinta a rana. In kin ga kore-kore ko yauƙi a jikinta, ki zuba tsakuwa ƙanana da ruwan sabulu ki girgiza sosai, ki ɗauraye. Jarkar ɗan ga-ruwa ma a duba ta, a kuma tambaye shi inda ya ɗebo, wannan ba cin fuska ba ne, kuɗinki ki ka biya. Kada a tsoma ganye cikin bokiti don hana ruwa fantsama.

Randa a ɗora ta bisa gammo ko ɗan dakali, a rufe ta da faifai mai tsabta ko murfi. A wanke ta ƙal ko wane kwana biyu ko uku, kada a yi ta zuba sabo a kan tsoho har wata ya zagayo. Moɗa ita ce gugan randa, kuma laifinsu ɗaya. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya tsoma har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da sauran. A sami moɗa mai dogon hannu, a rataye ta, a riƙa ɗiba da ita ana zubawa a kofi, ba a kai ta baki. In da hali, bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi ya fi, don ba hannun da ke shiga ciki. A ajiye buta da sabulu, ko toka in ba sabulu, a ƙofar makewayi.

In ruwa ya zo da laka, sai a fara kwantar da shi. Alif na yin wannan, haka kuma 'ya'yan zogale busassu in an ɓare an daka an dama a ciki. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da a ka ninka huɗu ko fiye. Amma a lura, alif wanke ruwa ya ke yi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Mutane da yawa sun ruɗu a nan, don sun ga ruwa ya yi fari.

Kashe su hanya uku ne. Tafasawa ita ce mafi tabbas: ruwa ya tafasa sosai yana tsalle, a bar shi minti ɗaya a haka, a sauke, ya huce a cikin tukunyar a rufe. Mun san itace ya yi tsada. In ba za a iya tafasa na gida duka ba, a tafasa na jarirai da yaran da a ka yaye da marar lafiya da mai ciki. Hanya ta biyu maganin kulorin, na ruwa irin su WaterGuard ko na ƙwaya irin su Aquatabs. A bi awon da a ka rubuta a jikinsa daidai, ko a tambayi malamin asibiti, a girgiza, a jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin da ki ke ji shi ne shaidar maganin na aiki, ba ya cutar da mai ciki, ba ya hana haihuwa. Ta uku rana: a cika robar ruwa fara mai haske, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ya riga ya washe, a kwantar da ita bisa kwanon rufi awa 6 cikin rana mai ƙarfi. In da hadari sai kwana biyu, shi ya sa wannan hanya ta fi amfani da rani.

Ruwan leda kuwa, a duba lambar NAFDAC da sunan kamfani a jikinsa. Ko na kirki ne, bayan ledar ya sha hannu da ƙura da ruwan ƙanƙara, kuma da haƙori a ke huda shi. A ɗauraye kafin a kai baki.

Abin da duba-gari ke yi da ruwanka

Duk zagayen da ka yi, ido ne kawai. Tabbaci sai an auna. Nijeriya tana da ƙa'idar ruwan sha tun 2007, an sabunta ta a 2015, kuma babban sharaɗinta shi ne kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta irin ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji a mililita 100 na ruwa, watau kamar rabin kofin shayi. Ba a bin ko wace cuta ɗai-ɗai. Ƙwayar hanjin nan a ke nema, don in an gan ta an san kashi ya shiga ruwan, kuma inda ta bi, kwalara ma za ta bi.

Duba-gari, watau ma'aikacin tsabta na ƙaramar hukuma, ko ma'aikacin hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara, zai zo da kwalba da a ka riga a ka dafa. Zai ɗebi ruwa ba tare da yatsansa ya taɓa bakinta ba, ya sa a akwatin sanyi, ya kai ɗakin awo cikin awa 6. A can za a tace ruwan ta wata 'yar takarda, a ɗora ta bisa abincin da ƙwayoyin ke so, a ajiye a wuri mai ɗumi ta kwana. Da safe ko wace ƙwaya ta hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani, sai a ƙidaya. In ba ko ɗaya, madalla. Daga 1 zuwa 10, akwai gyara. In ya wuce 100, haɗari ne babba, kada kowa ya sha ɗanye. Akwai kuma wata ƙaramar kwalba da a kan bar wa ƙauye, a zuba ruwa a rufe a ajiye kwana ɗaya ko biyu. In ya koma baƙi, ruwan ba shi da kyau. Wannan ta fi shiga ran mutane, don kowa ya gani da idonsa. Ga ruwan da a ka sa wa kulorin, sai a jefa 'yar ƙwaya cikin kwalba, in ya yi ja-ja akwai sauran magani, in ya tsaya fari ya ƙare.

Ba sai kun jira an zo ba. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai ga hakimi ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi a zo a auna. Lokutan da suka fi dacewa su ne faɗuwar damina, da tsakiyar marka, da bayan ambaliya, da bayan an yi yasa ko gyara, da kuma sa'ad da baƙi suka yi yawa a gari, kamar 'yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya raba da ƙauyukansu, domin rijiyar da ta saba da gida 20 in ta koma ta gida 60, masai ma ƙaruwa ya ke yi kewaye da ita. Kuma in an auna, ku nemi a gaya muku sakamako. Haƙƙinku ne.

In kaza ko ɓera ko akuya ta faɗa rijiya ta mutu, a cire ta, a kwashe ruwan, a kira duba-gari ya zuba hodar kulorin gwargwadon zurfin ruwan, a rufe ta kwana, a sake kwashewa har warin ya ragu. Kada wani ya zuba da ka, ko ya zuba kananzir ko maganin ƙwari.

Guba ba ta jin wuta

Akwai ɓarnar da tafasawa ba ta gyarawa. Mu manoman masara da auduga da dawa da waken suya ne, ko wace damina takin zamani da maganin feshi na shiga gonakinmu da yawa. In rijiya tana tsakiyar gonar da a ke zuba taki, ko kusa da turke, sinadarin taki ya kan tsatsa cikinta. Babba ba zai ji kome ba, amma jaririn da bai kai wata 6 ba, in ana ba shi wannan ruwa, jininsa ya kan kāsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa irin wannan ruwa ƙara masa ƙarfi ya ke yi. Wannan na cikin dalilan da ya sa a ke cewa jariri nono kaɗai za a ba shi har wata 6, ba ruwa, ko da zafin bazara ne.

Kada a haɗa maganin feshi a bakin rijiya, kada a wanke injin feshi a rafi ko dam. Jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari, in ya ƙare, a huda ta a binne nesa da ruwa. Mun san jarka ce mai kyau mai murfi, ana jin asarar yar da ita, amma ko an wanke ta sau 10 ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Masu haƙar zinariya kuma su tuna da abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen ma'adini a cikin gidaje. Ba a kawo dutsen gida, ba a wanke shi inda mutane ke ɗiban ruwa.

Ƙidayar marasa lafiya

Akwai wani awo da ba ya bukatar kwalba. A 1854 kwalara ta faɗa wata unguwa a birnin Landan, cikin kwana 10 ta kashe mutum fiye da 500. A lokacin mutane na zaton mugunyar iska ce ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambaya: wa ya mutu a nan, kuma ina ku ke ɗiban ruwa? Sai ya tarar kusan duk famfo ɗaya su ke sha. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya a ka gano ramin ƙazanta na wani gida yana dab da rijiyar. Tambayoyin nan biyu, mai unguwa ma zai iya yinsu.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma tun daga nan ta kan dawo, galibi da damina. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Katsina na cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai.

Saboda haka ko wace unguwa ta sami kwamitin ruwa, a sa mata a ciki don su suka san randa, a sayi littafi ɗaya na makaranta. A rubuta ran da a ka zagaya rijiya da abin da a ka gani, ran da a ka auna da abin da a ka ce, ran da a ka gyara da abin da a ka kashe. A bayan littafin a riƙa rubuta gidan da a ka yi zawo da rijiyar da su ke sha. In gida uku masu shan rijiya ɗaya suka kwanta cikin mako guda, ku tsayar da shanta ɗanye, ku kai rahoto.

In kuwa babba ko yaro ya kama zawo fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, da amai, idanu suka faɗa, fata in an tsunkula ba ta komawa, kada a jira na biyu, kada a ɓoye don kunya. Wannan ciwo na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum tsakanin safe da yamma, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisan. A dama ƙunshi ɗaya na gishirin asibiti, ORS, cikin lita 1 na dafaffen ruwa. In babu, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba tsayawa, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, mai shan nono kuma kada a cire shi. Ana ba shi ana tafiya asibiti, a ɗauki sauran a gora don hanya. Wanda ya rage a gida ya binne kashin da aman ko ya zuba a masai, kada a wanke zanen marar lafiya a bakin rijiya ko rafi, kuma a aika yaro ya gaya wa mai unguwa kafin rana ta faɗi.